Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: A Ba Ɗalibi Kujera A Majalisar Kwaleji

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, kowace babbar makaranta a ƙasar nan tana da wani zaure guda wanda a cikinsa ake yanke duk wata magana mai nauyi, wato zauren Majalisar Gudanarwa. A nan ake amincewa da kasafin kuɗin shekara, a nan ake sa hannu kan abin da ɗalibi zai biya, a nan ake ba da kwangilar katanga da rijiyar burtsatse da ɗakin kwana, kuma a nan ake ɗaukar manyan ma'aikata ko a sallame su. Duk abin da aka zartar a wannan zaure a jikin ɗalibi yake sauka, a aljihun mahaifinsa yake ƙarewa. Amma shi ɗalibin, wanda saboda shi aka kafa makarantar tun farko, sai dai ya tsaya a bakin allon sanarwa ya karanta abin da aka yanke a kansa. Matsayina a wannan rubutu a fili yake: wajibi ne dokar kowace kwaleji da jami'a ta Jihar Kaduna ta tanadi kujera ga ɗalibin da 'yan'uwansa suka zaɓa, kujera mai ƙuri'a, kuma wajibi ne reshenmu na Ƙungiyar Malamai ya kasance cikin masu fafutukar ganin haka.

Domin a ga cewa ba ƙazafi nake yi ba, sai mu duba dokar jami'o'in tarayya da aka yi wa gyara a shekarar 2003, wadda aka fi sani da dokar 'yancin cin gashin kan jami'o'i. Ta lissafa waɗanda za su zauna a Majalisar Gudanarwa ɗaya bayan ɗaya: shugaban majalisar, da shugaban jami'a da mataimakansa, da wakilin ma'aikatar ilimi, da mutum huɗu da gwamnati take naɗawa daga waje, da huɗu daga majalisar malaman jami'a, da biyu daga babban taron ma'aikata, da mutum guda daga taron waɗanda suka riga suka karɓi digirinsu. Wanda ya gama karatu ya kama gabansa yana da wakili. Wanda yake kwana a ɗakin da rufinsa ke zuba ba shi da ko ɗaya. Abin da dokar ta yarje wa ɗalibai shi ne su sami wakilci a kwamitin jin daɗinsu da sauran kwamitocin da suka shafi harkokinsu, su kuma sa baki wajen tsara manhaja da auna koyarwar malamai. Wannan ba laifi, sai dai kwamiti shawara yake bayarwa, majalisa ce ke riƙe da wuƙa da nama. Haka al'adar manyan makarantunmu ta ginu, kuma mun saba da ita har mun daina ganin ta a matsayin gurguwar al'ada.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin firamare a Randagi ko Dogon Dawa da wanda ya zauna a majalisar wata kwaleji? Ruwansa har iya wuya. 'Ya'yanmu su ne ke Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, su ne ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya, su ne ke Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, su ne ke Jami'ar Jihar Kaduna. Daga albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata ake tsame kuɗin rajistarsu. Bugu da ƙari, yarinyar da ke shekara ta biyu a karatun NCE yau, ita ce za ta riƙe aji uku a Kuyello gobe, ita ce za ta biya kuɗin ƙungiya ta zauna tare da mu a taro. Idan ta shafe shekara uku ana koya mata cewa nata shi ne ta ji ta bi, kada mu yi mamaki ranar da muka nemi wanda zai miƙe ya kare haƙƙin malami muka ga kowa ya sunkuyar da kai. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kwalejin ilimi nan ne inda ake tanƙwara malamin gobe.

Shekarar 2021 ta ishe mu darasi. A watan Afrilu na wannan shekara aka sanar da ƙarin kuɗin manyan makarantun jiha. A Jami'ar Jihar Kaduna, kuɗin da ɗan jiha yake biya wanda bai kai naira 40,000 ba ya haura zuwa naira 150,000, wasu kwasa-kwasan ma fiye da haka. A Gidan Waya ya koma naira 75,000, a Nuhu Bamalli naira 100,000. Ɗalibai suka yi koke, suka yi zanga-zanga, domin titi kaɗai ne zauren da aka bar musu. A ƙarshen watan Yuni, ɗaliban Gidan Waya suka fito, aka yi arangama da jami'an tsaro, ɗalibi ya rasa ransa. Bayan shekara biyu, a watan Agusta 2023, Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin: na jami'ar jiha ya koma naira 105,000, na Nuhu Bamalli 50,000, na Gidan Waya 37,500. Ashe dai koken yaran yana da tushe. To, da an sami inda za a saurare shi tun da farko, cikin natsuwa, da takarda da lissafi, wa ya san ko da uwar wannan yaro ba ta yi kukan rashinsa ba?

Mu a Birnin Gwari wannan ƙari ya same mu ne a lokacin da dajinmu ya zama sansanin 'yan bindiga, manomi ba ya iya zuwa gonarsa, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai an yi shahada kafin a bi ta. A wannan shekarar ce aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana hawa babur, sannan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba aka katse layukan waya. A auna halin ɗalibin da mahaifinsa ba shi da kasuwar da zai sayar da buhun masara, shi kuma ba shi da intanet ɗin da zai shiga ya ga ranar rufe rajista, balle ya biya ta nan. Manyan da ke zaune a majalisun makarantu ba lalle ne su kasance mugaye ba. Mutum ne mai gida a Kaduna ko Abuja, wayarsa na aiki dare da rana, ba zai taɓa faɗo masa a rai ba cewa ranar rufe rajista ɗaya ga kowa hukunci ne mai tsanani ga ɗan Kakangi. Ɗalibin da yake kwana ɗaki ɗaya da ɗan Kakangi shi ne zai san haka, kuma shi ne zai iya cewa a ƙara mako biyu, ko a yarda a biya kashi-kashi.

Haka batun tsaro. A daren 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, kuma sai 5 ga Mayu na ƙarshensu suka dawo, bayan iyayensu sun kai kukansu har ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Ranar 15 ga Maris aka shiga makarantar firamare ta Rama, a nan cikin ƙaramar hukumarmu, aka tafi da malamai uku 'yan'uwanmu. A watan Afrilu aka faɗa wa Jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka sace. A watan Yuni aka shiga Nuhu Bamalli, aka kashe ɗalibi, aka tafi da ɗalibai da malamai. Ranar 7 ga Maris 2024 kuma sai ga Kuriga, maƙwabtanmu a kan hanyar Kaduna, inda yara 137 suka shafe fiye da mako biyu a daji. Ba wanda zai ce kujerar ɗalibi za ta tare harsashi. Amma wa ya san gefen katangar da ya rushe ana ƙetarawa da dare? Wa ya san fitilar da ta mutu tun zangon da ya wuce, da baƙin fuskokin da ke yawan zama a wurin mai shayi na bayan ɗakin kwana? Rahoton tsaro da ke isa majalisa yakan bi ta tebur uku ko huɗu, kowane tebur yana goge masa ƙura, kafin ya isa ya zama fes. Ɗalibi zai kawo shi da ƙurarsa.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A watan Afrilu 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kwabo hamsin a kan kuɗin abincin ɗalibi na kullum, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana riƙe da ma'aikatar ilimi. Ɗalibai suka tashi a faɗin ƙasa ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUNS, aka zubar da jini a Legas da Samaru, aka haramta ƙungiyar. Ranar 23 ga Mayu 1986 aka sake kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Maimakon a buɗe musu ƙofar shawara, sai gwamnatin Janar Babangida ta fito da doka mai lamba 47 ta 1989, wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba da ikon rushe ta. Daga 1978 zuwa 2021 shekara arba'in da uku ke nan, kuma salon bai sauya ba: a yanke hukunci a ɓoye, a manna a allo, yara su fita titi, a turo masu bindiga, a rufe makaranta, a kafa kwamitin bincike, sannan iyaye su biya kuɗin ɓarna. Duk wanda ya ga an gwada magani ɗaya shekara arba'in ciwo bai tafi ba, ya kamata ya fara zargin maganin.

Yanzu sai mu saurari masu adawa, domin suna da hujjojinsu, kuma wasu daga cikinsu malamai ne irinmu. Hujjar farko ita ce ɗalibi yaro ne, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Karin maganar gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba ta dace ba. Babba yana hangen nesa, mun yarda. To, kwarkwatar da ke cikin katifar ɗakin kwana ba a nesa take ba, mai kwana a kai ne ke jin cizonta. Sannan wane ne yaron? Kundin tsarin mulki ya ba ɗan shekara 18 ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa. Tun watan Mayu 2018, da aka sa hannu kan gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, ɗan shekara 25 yana iya zama ɗan Majalisar Dokokin Jiha. Wato saurayin da ya isa ya zauna a zauren Lugard ya gyara dokar da ta kafa kwalejin dungurungum, shi ne ake cewa bai isa ya zauna a majalisar wannan kwaleji ba idan yana riƙe da katin ɗalibi. Cikin ɗaliban kwalejojinmu akwai magidanta, akwai matan aure masu goyo, akwai malamai 'yan ƙungiyarmu da suka koma ƙaro ilimi. Kakanninmu ma ba su yi wannan ganganci ba: a ƙauyukanmu akwai Sarkin Samari, wanda ba a shirya gayya ko aikin gari ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Hujja ta biyu ita ce sirri. Suka ce majalisa tana tattauna ladabtar da malamai da ƙarin girma da farashin kwangila, kuma idan ɗalibi ya ji da safe, kafin la'asar maganar ta cika Facebook. Amsar wannan tana cikin ƙa'idar kowace majalisa mai tsari. Kowane memba yana ɗaukar alkawarin riƙe sirri, wanda ya karya a cire shi. Idan maganar da ke gaban majalisa ta shafi wani memba kai tsaye, yakan fita har a gama. Abin da ya hau kan wakilin malamai shi zai hau kan wakilin ɗalibai. Amma a yi hattara da wannan kalma ta sirri, domin sau da yawa bargo ce da ake lulluɓe abin da bai kamata a ɓoye ba. Nawa aka tara na kuɗin kula da lafiya, kuma me ya sa babu ko maganin zazzaɓi a asibitin makaranta? Nawa asusun TETFund ya bayar na gini, kuma ina ginin? Wannan ba sirrin kowa ba ne, dukiyar jama'a ce. Wanda yake tsoron ɗalibi ya ga wannan lissafi, ya tambayi kansa abin da yake tsoro.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba za a kawar da kai daga gare ta ba. Suka ce ƙungiyoyin ɗalibai sun lalace, shugabanninsu sun zama 'yan koren 'yan siyasa, aikinsu shi ne ɗaukar lambar yabo suna bin ofisoshi suna karɓar na goro. Akwai gaskiya a nan, kowa ya gani. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyar da aka raba ta da duk wani aiki mai ma'ana, wadda ake rushewa duk lokacin da ta ɗaga murya a maye gurbinta da kwamitin riƙo na 'yan amshin shata, me ya rage mata in ban da shirya bikin mako da neman ubangida? Yaron kirki mai karatu ba zai ɓata lokacinsa neman kujerar da ba ta da amfani ba, sai ya bar wa 'yan neman suna. Ranar da kujerar ta zama wurin da ake duba kasafin miliyoyin naira, ɗalibai za su fara tambayar ɗan takara abin da ya sani, domin sun san kuɗinsu ne a kan tebur. Kuma idan lalacewar wasu wakilai hujja ce ta hana wakilci, to da tuni an rufe majalisun dokoki, da mu kanmu an rushe ƙungiyarmu.

Hujja ta huɗu ita ce ƙuri'a ɗaya ko biyu cikin goma sha wani abu ba za ta sauya komai ba, musamman tunda a makarantun jiha babbar magana daga gidan gwamnati take fitowa. Gaskiya ne ɗalibi shi kaɗai ba zai kayar da majalisa ba, kuma da yana nan a 2021 ba lalle ne ya hana ƙarin kuɗi ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san yadda kasancewar mutum ɗaya take sauya harshen taro. Abin da ake faɗa game da kai idan ba ka nan, ba shi ake faɗa a gabanka ba. Memba yana da ikon karɓar takardun taro kafin rana, yana da ikon yin tambaya a ba shi amsa, yana da ikon cewa a rubuta rashin amincewarsa a kundin taro, kuma wannan kundi yana nan ko bayan shekara goma. Ko da an rinjaye shi kan adadin kuɗi, yana iya samo wa 'yan'uwansa biya kashi biyu, ko wa'adin zango guda kafin a fara, ko sassauci ga marayu da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Ga ɗan gudun hijira daga Damari, wannan shi ne bambancin gama karatu da komawa gida hannu rabbana.

Kada kuma a ce wannan baƙon abu ne da bai dace da Afirka ba. Dokar Jami'ar Gana ta 2010 ta ba ɗalibai kujera biyu a majalisar gudanarwa, ɗaya ta masu digiri na farko, ɗaya ta masu karatun gaba da digiri, ta kuma ba ƙungiyoyin malamai da ma'aikata nasu kujerun. A Afirka ta Kudu, dokar manyan makarantu ta 1997 ta wajabta a sami ɗalibai a majalisar kowace jami'a, kuma dokar makarantu ta 1996 ta sa 'yan sakandare daga aji na takwas zuwa sama cikin hukumar gudanar da makarantarsu. A Kenya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2013 ta ba wakilin majalisar ɗalibai wuri a hukumar makaranta. A Sikotilan, dokar 2016 ta tanadi kujera biyu ga ɗalibai da biyu ga ƙungiyoyin ƙwadago a hukumar kowace jami'a. Ba a ji wata daga cikin waɗannan makarantu ta rushe saboda ɗalibi ya ga kasafin kuɗi ba. A lura kuma da abin da Gana da Sikotilan suka yi: kujerar ɗalibi da ta ɗan ƙungiya tare suka zo. Ƙofar da aka buɗe wa ɗaya takan buɗe wa ɗayan.

Amma kujera suna ta tara, kuma akwai wadda gara babu ita. Idan shugaban sashen kula da ɗalibai ne zai zaɓo yaron da ba ya musu ya kai shi zaure a ba shi lemo da alawus, an yi ado ne kawai. Kujerar da muke nema tana da sharuɗɗa. Na farko, dukkan ɗalibai masu rajista ne za su zaɓe shi ta ƙuri'ar sirri. Na biyu, kujerun su zama biyu, ɗaya ta mace, domin akwai maganganun ɗakin kwanan mata da na masu neman lalata da maki waɗanda namiji ba zai ji su ba balle ya kai su. Na uku, ya sami cikakkiyar ƙuri'a da takardun taro aƙalla mako guda kafin zama. Na huɗu, wa'adinsa shekara guda, kuma rushe ƙungiyar ɗalibai kada ya taɓa kujerarsa. Na biyar, wanda shi ne ƙashin bayan sauran, a ba shi kariya. Wannan shi kaɗai ne memba da sakamakon jarrabawarsa yake hannun mutanen da zai yi wa tambaya. Doka ta ce ba za a dakatar da shi ko a kore shi a lokacin wa'adinsa ba sai da amincewar majalisar kanta, kuma idan ya yi zargin an taɓa makinsa, a ba malamin waje takardarsa ya sake dubawa.

Ga 'ya'yanmu da Allah zai ɗora wa wannan nauyi, ku sani ba sarauta ba ce, dako ne. Wanda aka zaɓa zai kwana yana karanta takardun da ba su da daɗi, zai koyi bambancin kuɗin ayyuka da kuɗin yau da kullum, zai gane cewa wani abin da yake zargin sata ce ashe kuɗin ne gwamnati ba ta saki ba. Zai zaga ɗakunan kwana da gidajen haya na cikin gari kafin kowane zama, ya ji ta bakin Musulmi da Kirista, ɗan Zangon Kataf da ɗan Birnin Gwari, makaho da gurgu, domin ba unguwarsu ko ƙungiyar garinsu ya je wakilta ba. Zai dawo ya gaya wa waɗanda suka aike shi abin da ya samu da abin da ya kasa, ko da za su yi masa ihu. Zai gaida dattawan majalisa da ladabin da aka koya masa a gida, ya rusuna inda ake rusunawa, sannan ya buɗe shafi na goma sha biyu ya ce, ranka ya daɗe, wannan adadi bai yi daidai da na bara ba. Ladabi da gaskiya ba abokan gaba ba ne. Ranar da ya karɓi ambulan daga ɗan kwangila kuwa, ya sayar da kujerar da wasu suka mutu a titi saboda rashinta.

Sai kuma mu waiwayo gida, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A makarantunmu na firamare da sakandare akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, kuma ƙa'idarsa ta tanadi wuri ga wakilan yara, mace da namiji, tare da wakilin mai gari da na iyaye da na mata da na tsofaffin ɗalibai. Abin mamaki, a takarda ɗan firamare ya fi ɗan jami'a gata. To, a makarantu nawa ake kiran yaran nan idan za a zauna? A nawa ake barin su su buɗe baki, ba su tsaya ɗebo ruwa da jera kujeru ba? A nawa yara ne ke zaɓen shugabansu da kansu? Shugaban makarantar da ya hana yarinya 'yar aji shida faɗin cewa rashin makewayi ne ke hana ƙawayenta zuwa, ba shi da bakin zargin shugaban kwaleji. Wannan gyara ba ya bukatar doka ko kasafin kuɗi, yana hannunmu daga zangon nan.

Mu malaman Kaduna mun fi kowa sanin ɗacin a yanke maka hukunci ba ka nan. A 2017 aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka raba su da aikinsu, muka shiga yajin aiki a Janairu 2018. A 2022 aka sake sallamar fiye da dubu biyu, har da shugaban ƙungiyarmu na ƙasa. Duk abin da mutum yake gani game da waɗannan jarrabawa, kukanmu a lokacin ɗaya ne: a zauna da mu kafin a yanke. Ba zai yiwu mu nemi wannan haƙƙi wa kanmu mu hana shi ga 'ya'yan cikinmu ba.

Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya ɗauki matakai uku. A taronmu na gaba a gabatar da ƙuduri na goyon bayan kujerar zaɓaɓɓen ɗalibi a majalisar kowace babbar makaranta ta jiha, a miƙa shi ga uwar ƙungiya a Kaduna, ita kuma ta nemi haɗin kan ƙungiyoyin malaman kwalejojin ilimi da na fasaha da na jami'a, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A aika tawaga ga 'yan majalisarmu na mazaɓun Kakangi da Magajin Gari, a nemi su kai ƙudurin gyaran dokokin da suka kafa waɗannan makarantu, kuma kafin gyaran ya tabbata, majalisun su fara gayyatar zaɓaɓɓun wakilan ɗalibai su zauna su yi magana. Sannan kowane shugaban makaranta ɗan wannan reshe ya tabbatar yaran da ke cikin kwamitinsa zaɓaɓɓu ne, kuma an rubuta abin da suka faɗa a kundin taro.

Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta sake ci, motoci sun koma bin hanya, manoma sun fara leƙa gonakin da suka bari shekara da shekaru. Yaran da suka girma cikin ƙarar bindiga su ne yanzu ke cike takardun shiga kwaleji. Sun ga abin da ke faruwa a ƙasa idan mai ƙarfi ne kaɗai ake saurare. Bashi ne a wuyanmu mu nuna musu cewa akwai wata hanyar, wadda mutum ke shiga zaure da takarda a hannu, ya faɗi hujjarsa a saurare shi, a ƙirga ƙuri'arsa. Allah ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa su fi mu.